Rakiyar Sarkin Rafi Zuwa Shari'ar Ruwa

Tun da muka dawo daga Nijeriya ban sha shayi cikin salama ba. In na zauna a dandali tambaya, in na fito masallaci tambaya, har a gidan suna sai wani ya ja ni gefe, da Mushen nan da ake kiran malamin makaranta a wajenmu: "Mushe Haruna, yaya aka ƙare? Mun ci shari'ar ko an cinye mu?" Na gaji da maimaitawa, ga shi kuma labarin kullum sai ya dawo mini da ƙari. Shekaranjiya a tasha na ji wani yana rantsuwa wai Sarkin Rafi ya shaƙe wuyan soja a Daura. Bai shaƙe kowa ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in zayyana shi daga farko, wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta, in samu in kurɓi shayina.

Ga wanda bai san wajenmu ba, kudu da Matamaye ta gefen Tsauni akwai wata ƙorama da ke gangarowa daga ƙasar Nijeriya, ta ratsa fadamar ƙauyenmu, Rafin Gamji. Da damina takan yi gudu, da rani ta kwanta ƙarƙashin yashi, mu haƙa kamu kaɗan mu same ta. Da ita kakanninmu suka yi rake da albasa, da ita ubana ya ciyar da mu. Shekarun baya mutanen can suka gina mata baraji, su dam suke cewa. Muddin damina na kyau ba mu ji a jikinmu ba. Sai bana da ruwan sama ya ɗauke tun gero bai yi ciki ba. Rijiyoyin lambu suka yi ta faɗawa, ana ƙara wa guga igiya har igiya ta ƙare. Ga iyaka a rufe, samarin da suka saba ci-rani a Kano da Kaduna da Ikko duk suna gida suna ƙirga ƙudaje. Gwamnatin soja ta ce kowa ya duƙufa noman rani. To, da wane ruwa? Kukanmu ya kai Damagaram, daga can ya kai Yamai, har aka shirya zama tsakanin ƙasashen biyu.

Ranar da aka aiko kumandan, mai mulkin yankinmu, na nemana a biro, wato ofishinsa, sai da na yi wa matata wasiyya. A zamanin nan malamin lakwal irina, wato na makarantar boko, ba ya jin kiran kumandan ya yi murmushi. Ashe tafinta ake so. Za a tafi da Sarkin Rafinmu, Baba Ilu, ya ba da shaida a madadin masu lambu, shi kuwa ba ya jin Faransanci ko na gaisuwa. Wanda aka turo daga Yamai, aboka inji mu, wato lauya inji mutanen can, sunansa Metir Sumana, Bazabarme ne, Hausarsa ba ta wuce ta sayen goro ba. Ni zan tsaya tsakaninsu.

Baba Ilu tsoho ne dogo, siriri kamar karan dawa, da murya wadda in ya yi raɗa a lambu ana ji a masallaci. Murnarsa ta tafiyar nan biyu ce. Ta farko zai faɗa wa manya gaskiya. Ta biyu kuwa, ƙanwarsa Ladidi tana aure a Unguwar Ɗinya, ƙauyen da ke gindin barajin, a gidan taubashinsa Garba, kuma tun da aka rufe iyaka bai sa ta a ido ba. Ya zo bakin mota da dami guda na rake a ka.

Metir ya dubi damin, ya dubi kwat ɗinsa, ya ce in tambaye shi na mene ne.

Baba ya ce, "Gaya masa rabi shaida ne, rabi tsaraba."

Muka kama hanya da hantsi a motar gwamnati, wani kapitan na soja a gaba kusa da direba, mu uku da rake a baya. Kapitan Bahaushe ne tsantsa, na ji shi da kunnena yana zagin direba da Hausar da ko Kano sai haka, amma da zarar an zo maganar aiki sai ya koma Faransanci ya ɗaure fuska. Tun daga fita gari Metir ya fara yi wa Baba darasi ta bakina. Kada ya yi magana sai an tambaye shi. Kada ya ƙara kome a kan abin da aka tambaya. Uwa uba, kada ya kuskura ya yi hira da kowa na ɓangaren can, ko gaisuwa a taƙaice. Baba yana ta cewa "to, to," yana leƙen gonaki ta taga. Ba abin kallo a cikinsu, kara ne tsaye ba zangarniya, sai gawar saniya nan da can.

A bakin iyaka namu suka sara wa kapitan suka ɗaga sanda. A ɓangaren can ne aka ɗan tsaya. Takardunmu lafiya lau, an san da zuwanmu, sai dai wani ɗan kwastan mai ƙaton ciki ya zagayo bayan mota ya ga dami. Ya ce ba a shigo da kayan gona ba izni. Metir ya fara bayani da Faransanci, ɗan kwastan yana amsawa da Turanci, ba mai jin wani. Baba ya sauko a hankali ya zaro kara guda ya miƙa masa.

"Ɗana, sha ka ji. Shaida ce za mu kai gaban alƙali."

Mutumin ya karya, ya ɓare da haƙori, ya yi ta tauna. Ya tofar, ya sake gwada wata gaɓa. Can ya dubi Baba da tausayi ya ce, "Baba, wallahi kuna da gaskiya. Wannan ai itace ne. Ku wuce, Allah ya ba da sa'a."

Baba ya hau mota yana cewa mun ci zagayen farko.

A Daura muka tsaya cin abinci, a nan kuma aka haifi labarin shaƙe soja. Ku sani su ma sojoji ke mulkinsu, amma nasu sun sa wa tsabta da bin layi ido fiye da namu. Ko'ina ka duba mutane ne a jere, ana jiran sabulu ko madara, ba turereniya ba hayaniya, soja na gefe da bulala. Ni da na san Kano a da, inda ake shiga mota ta taga, sai na riƙe baki. Metir ya gama shan sigarinsa ya yar da guntun a ƙasa kamar yadda kowa ke yi a Yamai. Kafin ya ɗaga ƙafa wani kofur ya iso yana nuna ƙasa da bulala. Kapitan ya shiga kewaye, ba mai ceto. Sai Baba ya dafa kafaɗar kofur ɗin ya ce, "Haba ɗana, baƙo ne, kuma babban mutum ne a garinsu." Kofur ya ce babban mutum ma hannu biyu gare shi. Haka Metir Sumana, wanda ya yi karatun shari'a har ƙasar Faransa, ya duƙa cikin kwat ya tsinci guntun sigari ya sa a aljihu. Dafa kafaɗar nan ita ce ta zama shaƙewa kafin ta iso Matamaye.

Masaukinmu gidan saukar baƙi ne na gwamnati a wani gari gaba da Daura. Gini mai kyau, ɗaki da fanka da katifa mai taushi, banɗaki da baho fari tas da famfo har biyu. Na murɗa na farko ya yi tari, na murɗa na biyu ko tarin bai yi ba. Sai ga mai kula da gidan, wata dattijuwa Hajiya Kulu, ta sa an kawo mana bokiti ɗai-ɗai, ta ce mu lallaɓa shi, na wanka ne da alwala duka.

Baba ya ce, "Hajiya, ashe ku ma ɓarayin ruwan ba ku ƙoshi ba?"

Ta ce, "Wane ƙoshi, Malam? Mu dam ɗin nan a rediyo muke jin sa."

Hajiya Kulu ta riƙe mu riƙon 'yan'uwa. Tuwon shinkafa da miyar taushe, mu da muka yi watanni muna fama da jar dawar taimako, ai sai muka ci har kunya ta kama mu. Karin safe ne ya raba mu da su. Mu mun saba da shayi ɗan kaɗan mai ɗaci a ƙaramin kofi, a yi ta hira ana jiran na biyu. Su kuwa sai a cika maka moɗa guda da ruwan zafi da madara, a haɗa ka da burodi mai zaƙi wanda in ka matse shi a hannu sai ya koma kamar ƙwallon goriba. Baba ya ce wannan auduga ce aka gasa. Ya ci uku. Metir ya nemi kafe da dogon burodi irin na gida, Hajiya ta ce ita ba ta san burodin da ake dogara shi kamar sanda ba, ta zuba masa doya da miyar da ta sa shi hawaye.

Washegari aka shiga zama a babban zauren ƙaramar hukuma. Tebur biyu suna fuskantar juna, tutoci biyu, a tsakiya kapitan ɗinmu da wani manjo nasu, mutumin kudu wanda ba ya jin Hausa. Lauyansu Barista Lawal, Bakatsine mai fara'a da tabarau. Suna da nasu tafinta, wani malamin makaranta da ke juya Faransanci zuwa Turanci. Sai da aka zauna aka shigo da shaidarsu, wakilin manoman can. Ina ɗaga kai na ga Baba ya miƙe zumbur. Garba ne, taubashinsa, mijin Ladidi.

Duk darasin Metir ya bi iska. Baba ya ɗaga muryar nan tasa ya ce, "Kai! Ɓarawon ruwa! Ashe kai suka samo? Wallahi ƙasarku ta rasa mutane!"

Manjo ya tambayi me aka ce, Barista ya ce masa gaisuwa ce ta gargajiya. Ni dai Garba nake kallo, domin na san shi, mutum ne da ba a kayar da shi a wasa. Ya dubi Baba kamar an watsa masa ruwan sanyi, ya sunkuyar da kai ya zauna. Baba ya raɗa mini, raɗar da kowa ya ji, "Ka gani? Sun koya masa girman kan Ingilishi."

Aka fara. Zan taƙaita muku, don in na ce zan faɗi duka sai ku yi barci kamar yadda direbanmu ya yi. Metir ya ce ruwan da ya ratsa ƙasa biyu ba na ɗaya ba ne shi kaɗai, na sama ba shi da ikon cutar da na ƙasa, kuma mutanenmu suna shan ƙoramar nan tun ba a ja iyaka ba. Ya yi magana mai kyau ƙwarai, ina fassara wa Baba. Barista ya tashi ya ce ruwan a ƙasarsu ya sauka, da guminsu suka tare shi, su ma talakawansu yunwa suke ji, kuma doka ba ta ce mai gida ya kwana da ƙishi don maƙwabci ya yi wanka ba. Shi ma na ji kamar yana da gaskiya. Daga nan ya kawo wata magana da ta cinye mana hantsi gaba ɗaya: wai ƙa'idojin da Metir ke ja da su na koguna ne, wannan kuwa ba kogi ba ce, tunda ba ta gudu shekara cur. Aka yi ta jayayya a kan ko ƙorama kogi ce. Baba ya tambaye ni me ake ciki, na gaya masa. Ya ce, "To su tambaye ta mana."

Da aka zo kan shaidarsa ne abin ya zama wasan yara. Baba zai faɗa da Hausa, in juya Faransanci, malamin can ya juya Turanci saboda manjo da masu rubutu, sannan wani akawu ya mayar wa Garba da Hausa, Garban da ke zaune inda in Baba ya yi atishawa sai ta same shi. Baba ya ɗaga rakensa ya nuna, ya faɗi yadda rijiyoyi suka faɗa, ya rufe da cewa, "Mai rijiya a bakin hanya ba ya ɓoye guga." Na yi iya ƙoƙarina. Malamin can ya yi nasa. Sai muka ga manjo ya ɗaure fuska ya buga tebur, ya ce a gaya masa yaushe aka sace gugan, kuma wa ake zargi, domin gwamnatinsu ba ta wasa da sata. Barista ya cire tabarau ya rufe fuska da hankici, kafaɗunsa na rawa. Kapitan ɗinmu ya kafa wa silin ido yana cizon leɓe. A zauren nan, in ka cire manjo da Metir da malamin fassara, kowa da Hausa ya yi mafarki daren jiya, amma ba mai ikon cewa ya ji.

Aka tashi sallar azahar. Muna tsugune a gindin wata bedi, wato darbejiya, muna alwala, sai ga Garba ya zo da butarsa ya tsuguna kusa da Baba. Na tuna da umarnin Metir, amma wa zai shiga tsakanin taubasai? Baba ya ce, "Sai yanzu bakinka ya buɗe? Ina ka baro mini ƙanwa? Ko ita ma ka datse ta?"

Garba ya ajiye buta. Ya ce, "Yaya Ilu, da na gan ka na ɗauka saƙona ya same ka. Da na ji ka yi mini wasa, sai na san bai isa ba. Sau biyu ina tura mutum ana maido shi daga hanya." Sannan ya ce, "Ladidi ta riga mu gidan gaskiya. Tun ƙarshen kaka. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki."

Baba yana cikin wanke hannun hagu. Ya tsaya da ruwan a tafinsa har ya tsiyaye. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya sake faɗa. Sannan ya ƙarasa alwalarsa tsaf, bai tsallake kome ba, ya tashi ya kama hannun Garba suka shiga sahu tare. Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba.

Ni na kai wa Metir labari, ina tsoron zai ce an karya masa doka. Ya cire sigarin daga baki ya ce, "Ƙanwarsa uwa ɗaya?" Na ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ya tafi wurin kapitan, kapitan ya tafi wurin manjo. Ban san me suka faɗa ba, amma da aka dawo zaure manjo ya ce an ɗage zama, gobe da safe kowa da kowa za a je Unguwar Ɗinya gaisuwa, tunda dai dama akwai shirin a duba dam ɗin da ido.

Hanyar ƙauyen ta kan barajin ta bi, don haka shi muka fara gani. Jama'a, na daɗe ina jin haushin ginin nan ban taɓa ganinsa ba. A raina wani teku ne aka ɓoye mana. Da muka hau sai ga tudun ƙasa dogo, a bayansa ruwa ya janye can tsakiya, kewaye da laka mai tsattsagewa, har wasu sun shuka kankana a inda dā ruwa yake. Akwai ruwa, ba zan ce babu ba, amma bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da muke zato ba. Ɗan abin da ake saki kuma wata magudana ta siminti ke kwashe shi zuwa wata babbar gonar alkama ta hukuma. Ƙofar da ke sakin ruwa cikin ƙorama a rufe take har tsatsa ta kama ta. Lambunan Unguwar Ɗinya, da ke ƙarƙashinta kamar a miƙa hannu, sun bushe ƙayau irin namu. Ashe Garban da aka kawo ya yi shaida a kanmu, shi ma igiya yake ƙara wa guga.

A ƙofar gidan Garba aka shimfiɗa tabarmi. Manjo ya cire takalmi da hula ya zauna a takure, kapitan a gefensa. Liman ya yi addu'a aka shafa. Baba ya shiga cikin gida wurin mata da 'ya'yan marigayiya, muna jin kuka ya tashi ya lafa. Daga nan Garba ya kai shi maƙabarta, can bakin ƙorama ƙarƙashin wasu ɗinyoyi, su biyu kawai. Raken tsaraba kuwa yaran gidan aka raba wa, suka yi ta fama da shi.

Da suka dawo, Metir ya matsa gaban Baba ya durƙusa cikin kwat ɗinsa. Ya ɗaga mini hannu alamar ba ya son tafinta. Ya tattaro duk Hausar da ya mallaka ya ce, "Baba, sannu. Allah ya ji ƙan ta. Allah ya ba ka... ya ba ka..." Kalmar ta ɓace masa. Barista da ke bayansa ya ce a hankali, "Haƙuri." Metir ya ce, "Haƙuri." Baba ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ce amin.

To daga nan ban san yadda aka yi ba, hira ta koma Hausa. Kapitan da kansa ya tambayi Garba zurfin rijiyarsa, da Hausar nan tasa ta zagin direba. Garba ya faɗa, Baba ya faɗi namu. Injiniyan dam ɗin, wani saurayi mai sanyin magana, ya ce alkamar ta kusa wuce lokacin da take bukatar ruwa da yawa, in an rage mata kaɗan ba za ta mutu ba, amma shi ba shi da ikon taɓa ƙofar sai da umarni. Manjo, da Barista ke fassara masa a kunne, ya ce shi kuma ba zai sa hannu a abin da zai nuna ƙasarsa ta amsa laifi ba, kansa ɗaya ne. Kapitan ya ce shi ma ba zai koma Yamai da takardar da ta nuna mun karɓi sadaka a madadin haƙƙi ba.

A nan na ga amfanin lauyoyi, ni da nake musu kallon masu cin tuwo da surutu. Metir da Barista suka koma gindin bishiya, suka kira ni da malamin fassara. Suka yi ta sassaƙa jimla guda kamar masu gyaran ƙotar fartanya, a cire kalma a sa wata, har rana ta take tsaka. Abin da suka fito da shi, in na juya muku shi da Hausa, shi ne: za a buɗe ƙofar lokaci-lokaci har faɗuwar damina domin lambunan Unguwar Ɗinya da abin da ke ƙasa da su, kuma wannan bai ƙara wa kowace ƙasa haƙƙi ba, bai rage mata ba, maganar asali tana nan sai manya sun zauna. Ba a ambaci sunanmu ba, ba a ambaci iyaka ba. "Abin da ke ƙasa da su" ɗin nan, mu ne. Sojojin biyu suka karanta, kowa ya ga kansa zai tsira, suka sa hannu a kan bayan tiren da aka kawo goro.

Baba ya so ya kwana biyu a can, takardarmu ba ta ba da dama ba. Garba ya raka mu har bakin mota. Ba wanda ya yi wa wani wasa. Da muka biya ɗaukar kaya Hajiya Kulu ta cusa wa Baba burodin audugar nan guda biyu ta ce ya kai wa jikoki, ta ba Metir ƙullin yaji ta ce ya riƙa koyo.

Mun iso gida aka tarye mu kamar mun dawo daga Makka. Ranar da aka ce za a buɗe ƙofa, mutanen Rafin Gamji suka fita bakin ƙorama tun da safe, har da masu kalangu. Aka jira har la'asar, ba ruwa. Washegari ma haka. Kafin mako ya zagayo an fara ce mana 'yan yawon cin shinkafa, wasu suka ce an yi mana wayon 'yan Nijeriya. Samari biyu uku suka ɗaure kaya za su bi ta daji su tafi Kano ko me zai faru.

Ran nan da sassafe Baba Ilu ya yi mini sallama da sandarsa. Ya ce, "Mushe, zo mu je mu tarye shi, ko ɓatan hanya ya yi." Muka bi cikin ƙoramar muka yi kudu, yashi na cin ƙafa. Muka yi ta tafiya har muka kai dutsen iyaka, ba soja ba ɗan duwan, wato kwastan, sai wani Bafillace da 'yan ragowar shanunsa. Daga nan muka hango shi. Ruwan ya zo, siriri kamar an zubar da tulu, yana ƙyalli a rana, amma jifa kaɗan kafin dutsen yashi ya shanye shi. Nan ya tsaya, a ƙasarsu, tsuntsaye na sha.

Na ji kamar in zauna in yi kuka. Baba ya dawo ɓangarenmu, ya ajiye sanda, ya naɗe hannun riga ya durƙusa ya fara tono da hannu. Farin yashi, sannan ja, sannan mai sanyi. Bai kai gwiwar hannu ba ramin ya fara tsattsafowa. Muka zuba ido har ya taru ya kwanta.

Baba ya ce, "Ya tsallako. Ta ƙasa ya bi, irin na 'yan fasa-ƙwauri."

Masu tambayata ko mun ci shari'a, ga amsarku: ba a yanke ba, takardun suna can tsakanin Yamai da Ikko, kuma ban ga alamar za su dawo da wuri ba. Rijiyoyin fadama dai sun ɗago daga baya, ba da yawa ba, gwargwadon a yi albasa a haƙura da rake. Wasu sun ce sanyi ne ya ɗago su, dama sukan yi haka. Allah ne masani. Ni abin da na gani da idona shi nake faɗa.

Na ga Baba Ilu ya kamfaci ruwan nan da tafi biyu, mai laka-laka, ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Ta gefen makwancin Ladidi ya biyo." Ya kurɓa, ya shafe fuska da sauran. Sannan ya miƙo mini hannu in tashe shi, ya ce mu yi sauri mu koma kafin yaran nan su kama hanyar Kano, a gaya musu su kwance kaya, gobe akwai dashe.